Asalin gidan Stewart na Sikotilan, da adakar mahaifina da gara ta cinye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan wani mutum da ya rasu tun shekarar 1177, a ƙasar da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ya yi haƙuri ya biyo ni, a gidanmu na nan Bauchi maganar za ta sauka.

Ni tsohon malamin tarihi ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin in yi ritaya. Watan jiya ɗan ƙanena da ke karatu a Sikotilan ya turo mini hotuna ta WhatsApp daga wani gari mai suna Paisley, kusa da birnin Gilasgo. Hoton wani tsohon ginin dutse ne, majami'ar Kirista. A ƙasa ya rubuta: “Bappa, wai nan aka binne kakannin sarakunan Birtaniya, kuma wai asalinsu barorin fada ne.” Na kwana ina juya wannan magana. Da gari ya waye na kakkaɓe tsofaffin littattafaina, na koma kan labarin wanda ya aza harsashin wancan gini.

Sunansa Walter fitz Alan. Kalmar fitz ɗin nan “ɗan” take nufi, saboda haka da Hausa sai mu ce Walter ɗan Alan ɗan Flaad, kamar yadda muke jera namu. Kakanninsa mutanen garin Dol ne a yankin Brittany, arewa maso yammacin Faransa ta yau, kuma aikin gidansu kaka da kakanni shi ne kula da gida da dukiyar babban limamin Kirista na garin. Mahaifinsa Alan ya tsallaka Ingila a zamanin Sarki Henry na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135. Sarkin ya ba shi ƙasa a Oswestry, can kan iyakar Ingila da Wales, a lardin Shropshire.

Dokar gadonsu ta sha bamban da tamu. Mu Musulunci ya yanka wa kowane ɗa da kowace 'ya rabonsu. Su kuwa a wajen masu ƙasa, babba ke kwashe kusan komai, ƙanne su kama gabansu. Wani wan Walter ya riƙe aikin gado na Dol, wani mai suna William ya gaji ƙasar Ingila, daga tsatsonsa ne aka sami manyan hakiman Arundel. Shi Walter sai ya tashi da doki da takobi da sanin aikin fada da ya buɗe ido ya tarar a gida. Wajen 1136 ya nufi arewa ya kama ƙafa da Sarkin Sikotilan David na ɗaya, wato Dauda. Shi wannan sarki a fadar Ingila ya girma, domin Henry mijin 'yar'uwarsa ne, kuma da ya hau gado a 1124 ya riƙa jawo baƙin mayaƙa masu jin Faransanci yana yanka musu ƙasa. Gidan Bruce ma, waɗanda daga baya suka yi sarautar ƙasar, ta wannan ƙofa suka shigo.

Sarautar da aka ba Walter ita ce Steward. Mu nan mun san kalmar a bakin tsofaffin da suka yi aiki gidajen Turawa, mai jera faranti da cokula a tebur. To ba su yi nisa da asalinta ba. A takardun Latin na lokacin dapifer ake rubuta masa, ma'anarta mai kawo abinci, wato mai kai wa sarki akushi. Amma wanda aka yarda ya taɓa abincin sarki an yarda da shi a kan ran sarki, shi ya sa aikin ya haɗa da riƙon gidan sarki da kuɗin shigarsa da tsayawa kusa da shi ranar yaƙi. Da a fadojinmu ne, sai in ce an haɗa masa aikin Sarkin Gida da na Ajiya. Jikan David, Sarki Malcolm na huɗu, ya tabbatar masa da sarautar a rubuce, ya mai da ita ta gado, tare da ƙasashen Renfrew da Paisley da Pollok da Cathcart da wasunsu.

A 1163 Walter ya kafa gidan ibada na Paisley, wanda ɗan ƙanena ya ɗauko mini hotonsa. Malam Edita, ka riƙe wannan: masu ibadar da ya zuba a ciki daga Wenlock ya ɗebo su, wani gari a Shropshire inda ya tashi. Baƙo in ya yi arziki, mutanen garinsu yake fara tunawa, kamar yadda Bakano in ya gina masallaci a Gombe yakan aika gida a zo masa da limami. Shekara guda bayan haka, a 1164, Somerled mai mulkin Argyll da tsibiran yamma ya taso da jiragen ruwa ya sauka a Renfrew, cikin ƙasar Walter, aka gwabza, aka kashe shi a nan. Walter ya ƙara shekara 13 a duniya, aka binne shi a Paisley.

Daga nan sai sarautar ta bi jini. Ɗansa Alan ya gaje shi, sai jikansa Walter, wanda shi ne ya fara ɗaukar sunan aikin ya mai da shi sunan gida, Stewart. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ga 'yan Madaki da 'yan Galadima da 'yan Wali nan cike da rajistar makarantu. Na huɗu, Alexander, shi ya ja dakarun Sikotilan a Largs a 1263 da Sarkin Norwe ya kawo hari. Na biyar, James, yana cikin mutum shida da aka danƙa wa riƙon ƙasa a 1286 bayan Sarki Alexander na uku ya faɗo daga doki ya mutu.

Na shida shi ma Walter ne, kuma a kansa ƙaddarar gidan ta juya. Yana saurayi ya yi yaƙin Bannockburn a 1314 a ƙarƙashin Sarki Robert Bruce, inda suka karya rundunar Ingila. Bayan yaƙin aka yi musayar fursunoni, Ingila ta sako matar Bruce da 'yarsa Marjorie waɗanda ta tsare shekara takwas. Walter aka aika kan iyaka ya taro su. Shekara ta zagayo, a 1315, sarki ya aura masa Marjorie. A watan Maris na 1316 ta haifi ɗa namiji aka sa masa Robert, ita kuwa ba ta daɗe ba ta rasu tana da ƙuruciyarta. Mutanen Paisley har yau suna ba da labarin cewa daga doki ta faɗo da tsohon ciki. Yaron nan a 1318 majalisa ta ce shi ne magaji in Bruce bai sami ɗa namiji ba. Sai ga shi a 1324 an haifa wa Bruce ɗa, David na biyu, kawun da ɗan 'yar'uwarsa ya girme shi da shekara takwas. Robert ya koma gefe ya yi ta jira. Sai a 1371 David ya rasu bai bar ɗa ba, aka naɗa Robert a Scone yana da shekara 55. Tsakanin ranar da baƙon nan ya iso fada yana neman abin yi da ranar da jininsa na bakwai ya hau gadon sarautar, shekara 235 ke nan.

Kada a ɗauka daga nan sai jin daɗi. Robert ya yi aure biyu, ɗaya bayan ɗaya, ya haifi 'ya'ya fiye da 20 a ciki da wajen aure. 'Ya'yan uwargidansa Elizabeth Mure an haife su kafin Fafaroma ya halatta auren a 1347, saboda haka 'ya'yan ɗakin amarya, Euphemia Ross, suka girma da jin cewa su ne halattattun magada. 'Yan ubancin nan ya yi ta ci a ƙarƙashin ƙasa kamar wutar ƙaiƙayi har 1437, da aka kutsa wa Sarki James na ɗaya, jikan Robert ta ɗakin uwargida, a masaukinsa a Perth aka kashe shi, aka kuma sami hannun baffansa na ɗaya ɗakin, hakimin Atholl, a cikin ƙullin. Duk wanda ya tashi a babban gida a ƙasar Hausa ba sai an fassara masa wannan ba. Duk da haka gidan ya ɗore. Sarauniya Mary ta Sikotilan, wadda ta tashi a Faransa, ita ta yaɗa rubuta sunan da Stuart, ta kuma yi auren zumunci da Darnley, wanda shi ma ta wajen uba jinin Alexander na huɗun nan ne. Ɗansu James na shida ya haɗa sarautar Sikotilan da ta Ingila a 1603. Sarki Charles na yanzu ta tsatson 'yar wannan James ɗin ya fito, kuma har gobe magajin gadon Birtaniya, Yarima William a yau, cikin sarautunsa akwai ta Babban Steward na Sikotilan. Akushin bai bar gidan ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da gidan ya zama gidan sarauta, sai asalin nan ya yi wa mutane ƙanƙanta. Ta yaya za a ce kakan sarki baƙo ne daga Faransa, mai hidimar abinci? A 1527 wani malami mai suna Hector Boece, shugaban kwalejin Aberdeen, ya fitar da tarihin ƙasar, a ciki ya ce gidan Stewart jinin wani basarake ne ɗan ƙasa mai suna Banquo, wanda Sarki Macbeth ya kashe, ɗansa Fleance ya tsere Wales ya auri 'yar sarki, ta haifi Walter. Macbeth dai an yi shi, ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057. Banquo kuwa babu sunansa a takarda ko ɗaya ta zamanin. Shakespeare ya ɗauki labarin ya sa a wasansa na Macbeth wajen 1606, lokacin James yana kan gado, aka nuna kakan sarki na ƙirƙira a kan dandali. Mu da muka karanta wasan nan a kwaleji mun haddace Banquo kamar mun san kabarinsa. Ni da kaina na tsaya gaban allo na faɗa wa yara cewa shi ne kakan sarakunan Ingila, kuma yau ina jin nauyin wannan.

Shekara 280 ƙaryar nan tana zaune daram. Abin da ya tone ta takardu ne, irin waɗanda ba wanda ya rubuta don yabon kowa: takardar kyautar gona, takardar kafa gidan ibada, da jerin shaidu a ƙasansu. A 1807 wani masanin tarihi, George Chalmers, ya bi sawunsu, ya tambayi abin da ya kai jikan Banquo ɗebo masu ibada daga Wenlock, ya gano Walter ƙanin William ne na Shropshire. A 1901 wani masanin kuma, Horace Round, ya bi takardun gidajen ibada na Faransa ya kai zaren har Dol. Kuma da gaskiyar ta fito ba abin da ya ragu a jikin gidan. Ni a wajena labarin ƙaramin ɗa da gado ya tsallake, ya tafi baƙuwar ƙasa ya riƙe amana har aka ba jikokinsa 'yar sarki, ya fi na Banquo daraja nesa ba kusa ba.

Bara aka yi bikin 'yata a nan Bauchi. Maroƙi ya miƙe a ƙofar gida ya wage murya, ya ce gidanmu jinin sarakunan Birnin Gazargamu ne, kakanmu ɗan Mai ne, wato ɗan sarkin Barno, da aka hana sarauta ya yi fushi ya yo yamma. Aka yi ta guɗa ana masa liƙi. Ba zan ɓoye ba, ni ma kaina ya yi girma a wurin, na sa hannu a aljihu. Da dare Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta haura 90, ta aika a kira ni ɗakinta. Ta ce, “Kai da aka ce ka karanta tarihi, da kai ake zama ana jin wannan?” Ta ce kakan kakana baduku ne daga Kano. Ya biyo ayarin fatake a zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim ɗan Yakubu, ya sauka gidan wani hakimi yana ɗinka masa kayan doki. Da hakimin ya ga ko zare ba ya ɓata a hannunsa, sai ya ba shi riƙon taskar gida, daga baya ya ba shi auren wata yarinya da ya riƙa. Mai Sirdi ake ce masa, har sunan yanka ya nemi ɓacewa. Ta ce maganar Gazargamu a bikin wani baffana ta fara jin ta, bayan 'yancin kai, lokacin da aka fara samun ma'aikatan gwamnati a gidan.

Ban yi barci ba a daren. Abin da ya fi ci mini rai shi ne adakar mahaifina. Adaka ce ta katako, cike da takardun ajami da na Larabci, wasiƙu da takardun sayen gida da wata doguwar takarda da yakan ce ta asalinmu ce. Ya sha ce mini in zo mu zauna ya karanta mini. Kullum sai in ce sai an yi hutu. Ya rasu a 1994. Da na buɗe adakar bayan wasu shekaru, gara ta shiga ta ƙasa ta mai da komai ƙasa, sai 'yan guntaye masu kalma biyu uku. Takardun Walter sun yi shekara 600 da ɗoriya suna jiran mai karantawa. Na gidanmu ko ƙarni guda da rabi ba su cika ba, kuma a hannun malamin tarihi suka lalace.

Ban rubuto don in zagi maroƙa ba. Maroƙi abin da masu gida ke son ji yake faɗa, kuma da yawansu suna riƙe da sunaye na gaskiya da mu muka manta. Ban kuma ce duk wanda ya danganta kansa da Barno ko Gabas ƙarya yake yi ba, akwai gidaje masu hujjarsu a rubuce, Allah ya ƙara musu daraja. Laifin namu ne da muke jin kunyar a ce kakanmu baduku ne, ko maƙeri, ko majemi, ko marini, ko mahauci, ko wanda bauta ta kawo. Har yau ana fasa aure a garin nan saboda an bincika an ji sana'ar kakan yaro. Wannan kunyar ce ke haifar da irin su Banquo a gidajenmu. Alhali Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira mutane da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurinsa, kuma malamanmu sun sha karanta mana gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane.

Mu mutanen Bauchi ma ai muna da abin koyi a gida. Malam Yakubu ɗan Dadi, wanda ya kafa garin nan a 1809, Bagere ne. Ya tafi almajiranci wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya dawo da tuta, ya yi mulki har 1845. Ban taɓa jin wani a fadar Bauchi ya ɓoye wannan ba, da shi ma ake alfahari, domin ilimi da amana ne suka ba shi abin da ya samu.

Akwai kuma maganar mata. Ba don Marjorie ba da gidan Stewart bai ga sarauta ba, kuma marubutansu sun ajiye sunanta da na uwarta da na kakarta. Mu in muna jero asali, wane ɗan wane ɗan wane muke yi, iyaye mata su bi iska. Ga kuma alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan fari, suruka ba ta faɗin na surukinta. Al'ada ce mai kyau, ina girmama ta, amma in tsara biyu suka wuce ba a rubuta ba sai a wayi gari ba wanda ya san sunan yankan mutum, sai laƙabi. Na lura kuma tsofaffin mata su ne rumbun wannan ilimi. Su suka san wace ce ta haifi wa, wa ya sha nonon wa, wane aure ya mutu, wane yaro riƙo ne. Mu maza mun fi riƙe wanda ya yi sarauta.

Saboda haka ga roƙona gare ka, Malam Edita. Ka ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko da tarihin gidajensu, manya da ƙanana, gidan sarauta da gidan ƙira. Sharaɗi ɗaya nake so a sa: duk wanda ya kawo magana ya faɗi daga bakin wa ya ji ta, shi kuma wancan daga wa, ko a wace takarda ya gani, yadda malaman hadisi suka koya mana. In zancen maroƙi ne a rubuta cewa na maroƙi ne, shi ma yana da gurbinsa. Masu takardun ajami a adaka ko a gafaka kuma, don Allah su fito da su yau su ɗauki hotonsu da waya, su tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu. Wanda ya ga nasa sun fi ƙarfinsa ya nemi shawarar masana a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Ni dai na sayi littafi mai warƙa 80 a kasuwar Wunti. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je ɗakin Goggo da goro da ɗan turare, ta yi ta magana ina rubutawa, ƙaramar jikata kuma tana naɗar muryarta a waya. Wani lokaci takan gyara abin da ta faɗa makon da ya wuce, sai in bar duka biyun in sa kwanan wata. Mun kai kaka huɗu ta wajen maza, uku ta wajen mata. Inda muka tsaya shi ne sunan matar Mai Sirdi. Goggo ta ce akwai wata 'yar'uwarsu da aka kai aure Gombe tun tana yarinya, tana nan da rai, wataƙila ita ta riƙe, kuma in Allah ya yarda bayan Sallah zan shiga mota in je. In kuwa a unguwar Dukawa ta Kano akwai gidan da suka taɓa jin wani nasu mai ɗinkin kayan doki ya bi fatake zuwa Bauchi bai koma ba, ina roƙonsu su rubuto ta hannunka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Unguwar Jahun, Bauchi.